Sakatar Wuƙar Maigida

Litinin, 5 ga Mayu

An yi wa Maigida ɗinki a yatsa, kuma ba ni na yi ba. Shekara da shekaru ni ke ɗinke masa riga da wando, yau ga wata 'yar nas ta ɗinke shi shi kansa, ɗinkin ma a karkace. Ni dai na gani.

Wuƙarsa ta aiki ce ta yi masa haka, mai naɗewar nan da yake yanka kafet da ledar ɗaki da ita. Yana durƙushe a falon wasu mutane, ta maƙale a kafet mai kauri, ya ɗaga ta zai zare, sai ta naɗe a kan manuniyarsa ta dama. Ɗan kwangilar da ke ba shi aiki ne ya kawo shi gida daga asibiti, waya a kowane kunne kamar kullum. Shi kuwa Maigida ba yatsan ne ya dame shi ba, wai jini ya ɓata kafet ɗin mutane.



Talata, 6 ga Mayu

Alƙaliya ta zo. Babbar 'yarmu, tun tana rarrafe take yanke hukunci, shi ya sa sunan ya bi ta. Ko jaka ba ta ajiye ba ta fara: "Abba, aikin nan ya ƙare. Hannun ya gaji, ba sai an faɗa maka ba."

Amosanin take nufi, wanda ya kama masa gaɓɓai bara, ya kumbura masa manyan yatsu duka biyu. Damƙa kam har yanzu yana da ita, in ya riƙe abu da tafin hannu sai dai a yi haƙuri. Danna abu da kan yatsa ko tsintar ƙaramin abu ne suka gagara.

Ta juyo kaina. "Umma, ki yi magana mana." Na ce gaskiyarta. Kuma har zuciyata na faɗa. Ina so ya zauna gida in riƙa ganinsa da yatsunsa cif.

Shi kuwa Maigida ya sunkuyar da kai. Yana ta kallon bandejin kamar wani ne ya ba shi ajiya.

Laraba, 7 ga Mayu

Yini guda yana zaune a falo yana harara mahaɗar kafet ɗinmu. Shi ya shimfiɗa shi da kansa. Ko me ya gani?

Alhamis, 8 ga Mayu

Na tsinci wuƙar a jakar aikinsa, jini ya bushe a ƙotar. Niyyata in wanke in ɓoye. Amma hali zanen dutse, ni da ba a barina da agogo ni kaɗai tun ina yarinya, don sai na kwance shi. Na buɗe ta, na rufe, na sake buɗewa. Tambaya ɗaya ta hana ni sakat: wuƙar da ta yi shekaru ba ta ci amanarsa ba, me ya same ta ranar?

Na kai ta bakin taga na sa tabarau. Ashe abin da ke riƙe ta a buɗe ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Wani siririn ƙarfe ne kwance a gadon bayan ƙotar, bakinsa da ɗan haƙori. Gindin ruwan wuƙar kuma da 'yar tsaga. In ka buɗe, haƙorin ya faɗa cikin tsagar, ka ji ƙas. In za ka rufe, ka danna wutsiyar ƙarfen, haƙorin ya ɗaga. Sakata ce dai irin ta ƙofa aka ƙanƙanta. Yatsun mutum gaba ɗaya sun dogara da haƙorin da bai kai ƙwayar shinkafa ba!

Sai na lura ita wannan ba ta cewa ƙas. Wani abu take cewa kamar tif. Na ɗauko allura na soka a tsagar. Abin da ya fito kuwa, gashin kafet ne, ja da kore da ruwan toka, ya cuɗe da gam ya daskare kamar tsohon cingam. Haƙorin ba ya kaiwa ƙasa, a baki-baki kawai yake tsayawa. Daidai abin da keken ɗinkina ke yi in ɓurɓushin zare ya taru ƙarƙashin ƙoshiya, ba ya mutuwa, tsallake kawai yake yi. Na share tas. Na buɗe. Ƙas!

Ke nan ba hannunsa ba ne. Wuƙar ce.

Na zauna da ita a cinya har shinkafa ta kama.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ban faɗa masa ba.

Asabar, 10 ga Mayu

In na faɗa, da ɗinkin ya warke zai ɗauki jaka. In na yi shiru, zai ci gaba da zaton hannunsa ne ya mutu, ya zauna lafiya a gabana yana ƙarewa kamar sabulu a ruwa. Wanne ne ƙauna a ciki? An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ni nawa cikin, wuƙar ce kwance a ciki.

Ɗan kwangila ya kira da rana, ina jiyo muryarsa daga kicin don ba ya magana a hankali. Akwai babban aiki farkon wata, zauren karatu na wata makaranta, kafet bango zuwa bango. In Baba ya warke, nasa ne. In ba haka ba zai nemi wani, kuma duk mun san wanda aka ba wannan shi za a ci gaba da ba. Ya ƙara da cewa, "Amma Baba, ba jini kuma. In aka sake, ni ma ba ni da bakin magana."

Maigida ya ce to. Wannan "to" ɗin ko ni ban san na mene ne ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Na faɗa. Da safe, yana shan shayi da hagu. Na ajiye wuƙar da ƙullin gashin kafet a faranti kamar mai kai shaida kotu. Na yi bayani dalla-dalla, har da kwaikwayon ƙas da tif. Ina jira ya yi tsalle.

Ya daɗe yana kallon ƙullin. "Na sani, Tela," ya ce. Haka yake kirana in babu kowa. "Da can duk ƙarshen mako nake share ta da allura. Allurar ce yanzu ba na iya tsinta, balle in riƙe."

Ni ina ta dakon sirri kwana da kwanaki, ashe mai ɗaki ya san inda yake yoyo. Wuƙar ce, kuma hannun ne. Duka biyun.

Na ce to me ya hana ka ce in share maka? Ya kurɓi shayi. Amsar ke nan.

Talata, 13 ga Mayu

Ko da na share wuƙar ban yarda da ita ba. Na naɗe hannuna da tsumma, na kama ƙotar ta gefe yadda yatsuna ba sa kan hanya, na buga bayan ruwan a katakon yanka albasa. Na farko shiru. Na ƙara da ɗan ƙarfi. Fat, ta naɗe! Haƙorin ya cinye ya yi santsi, saboda daɗewar da ya yi yana tsayuwa a baki-baki. Ita kam ta gama aiki.

To wai duk masu naɗewa haka suke? Ko akwai wadda ba ta cin amana? Ba don ya koma aiki nake tambaya ba. Sani kawai nake so.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na fara tambayar Maigida, don me sai lallai mai naɗewa? Irin ta reza ɗin nan da ake turowa, ya ce karyewa take yi a kafet mai kauri, kuma da babban yatsa ake tura ta. Wadda ba ta naɗewa kuwa masu gadi ƙwacewa suke yi tun daga ƙofa. Sannan ɗan kwangila yana da doka tun da wani mai fenti ya durƙusa a kan wuƙar wani: in wuƙa ba a hannunka take tana yanka ba, to a rufe take. Ba a ajiye ta a ƙasa a buɗe, ba a sa ta aljihu a buɗe. Wanda ya saɓa ya kama hanyar gida.

Da na je sayen zif na ratsa shagon kayan aiki na ƙarshen layin. Mai shagon ya miƙo min ta yanka nama. Na ce masa sakata na zo gani, ba kaifi ba. Ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya jawo min kujera. Da alama ya daɗe yana jiran mai yi masa wannan tambayar.

Ashe duniya ce guda. Akwai wadda ba ta da sakata sam, sifirin ne kawai, ƙarfen nan mai lanƙwasa ya dawo, ke tallafe ta. "Wannan ta feƙe fensir ce, Mama." Akwai mai wani siririn harshe a cikin ƙotar, in ka buɗe sai ya zamo ta gefe ya tokare gindin ruwan. Akwai mai zobe a wuya da ake murɗawa. Akwai mai 'yar sanda a gicciye da ake ja baya da yatsu biyu. Kowacce wani ne ya zauna ya yi tunani, wataƙila bayan tasa ta cije shi. Wannan ya burge ni.

A ƙarshe ya fito da wata baƙa mai nauyi daga akwatin gilashi. Gagarabadau yake ce mata. "Ki soka ta a bango ki rataye maigidanki, ba za ta motsa ba." Na ce kada ya ba ni shawara.

Juma'a, 16 ga Mayu

Duk wadda ta zo awo ko karɓar ɗinki sai na tambaye ta ko mijinta yana da wuƙar aljihu, a ara min. Matar mai kemis ta ja da baya tana riƙe da rigarta. "Lafiya dai ko, Anti? Ko Baba ne ya yi laifi?" Na yi dariya har na soki kaina da fil.

Yanzu akwai wuƙaƙen mazan unguwa jere a durowar kekena.

Asabar, 17 ga Mayu

Kicin ya zama wurin gwaji. Na soka ruwan kowacce a tsakanin katakai biyu na kantar kicin, kaifi ƙasa, na rataya bokiti a ƙotar ina ƙara ruwa da kofi in ga lokacin da za ta sallama. Mai harshe ta riƙe, mai zobe ta riƙe, mai sanda ko gezau. Na fara jin kaina wata injiniya.

Maigida ya wuce ta ƙofar kicin wai yana neman tabarau. Ya sake wucewa, tabarau na kan hancinsa. Daga baya ya kasa daurewa. "Ba haka kafet ke jan wuƙa ba, Tela. Bokiti ba ya murɗawa. Kafet murɗa ta yake yi." Ya je ya jawo ragowar kafet daga ƙarƙashin gado, mai kauri kamar fatar sa, ya nuna min yadda zan soka in ja in karkata.

Nan kowacce ta nuna halinta. Mai harshe, ina murɗawa naman yatsana ya ture harshen ban sani ba, ruwan ya saki. Allah ya so ina sanye da safar tanda, mai kaurin nan ta ɗaukar abu mai zafi. Mai zobe ta riƙe, amma ruwanta siriri ne, yana lanƙwashewa, kuma da gam ya taɓa zoben ya ƙi juyawa. Mai sanda ta fi su, sai dai sifirin ɗinta kamar gashin kai, kuma yatsu biyu take so a tsunkule, abin da Maigida ba ya iyawa.

Ya yi dariya da ya gan ni da safar tanda ina kokawa da kafet. Rabona da jin dariyarsa tun kafin yatsan.

Litinin, 19 ga Mayu

An cire zaren. Tabon a karkace, kamar yadda na ce.

Alƙaliya ta kira. "Umma, me nake ji? Wai kin buɗe shagon wuƙaƙe?" Matar mai kemis ce, ba ko tantama. Na ce bincike nake yi. Ta ce na me? Na ce na sani kawai. Ta ce Allah ya kyauta, ta kashe waya.

Laraba, 21 ga Mayu

Na sayo Gagarabadau.

Irin tsohuwar tasa ce, mai haƙori a gadon baya, amma haƙorin ya yi zurfi, sifirin ɗin mai tauri, sannan an gitta wata ƙusa tsakanin haƙorin da ruwan wuƙar, yadda in nauyi ya zo a kan ƙusar yake sauka, haƙorin yana hutawa. Wanda ya yi wannan dabara ina ma in gan shi in gaishe shi. Na buga ta a katako har maƙwabciya ta leƙo. Na cika bokiti ya tumbatsa. Na murɗa ta a kafet iya ƙarfina, na cusa mata gashin kafet da gangan. Ƙas take cewa, ƙas mai kauri, kamar an rufe ƙofar mota.

Na rufe ta na miƙa masa. Akwai faffaɗan rami a ruwan, ya sa gefen tafin hannu ya buɗe ba wahala. Ya durƙusa ya ja ta a ragowar kafet, layi ɗaya miƙaƙƙe. Bai ɗago ba ya ce, "Ita ce."

Na ce ni fa ban ce ka koma ba. Ya ce ya ji. Na karɓa na rufe na sa masa a jaka.

Asabar, 24 ga Mayu

Ya je ƙaramin aiki shi kaɗai, leda a shagon wani mai aski. Ya dawo yana fito. Ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Na ji daɗi, kuma na ji tsoro, kuma ban san wanne zan fara ji ba.

Talata, 27 ga Mayu



Ina juya aljihun wandonsa na aiki kafin wanki sai yatsana ya zurma. Tsaga ce a ƙasan aljihun. Ba yagewa ba ce, yagewa tana barin zare. Wannan yanka ne sumul, kuma daga ciki aka yi shi. Na ɗauko ɗaya wandon da ya sa jiya wajen wani ƙaramin aikin. Shi ma haka, har da ɗan ɗigon jini a jikin yadin.

Na buɗe jakarsa. Ga Gagarabadau naɗe a tsohuwar singileti, a buɗe, tsininta ya leƙo.

Na same shi a falo na ajiye ta a gabansa. Na ce rufe ta in gani. Ya dube ni. Ya ɗauka ya sa babban yatsan dama a wurin dannawa, ya danna har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya koma na hagu. Ya kafa wurin a gefen tebur ya danna da nauyinsa, ta kuɓuce ta yi tsalle ta faɗi kusa da ƙafata.

Duk gwajin da na yi, da bokiti da katako da safar tanda, tambaya ɗaya nake yi: za ta rufe da kanta? Ban taɓa tambayar ko shi zai iya rufe ta ba. Ni nake rufewa kowane lokaci, da wannan babban yatsan nawa da almakashi ya mayar kamar icce, ban ko ji taurinta ba. Na nemo masa wuƙar da ba za ta cije shi a yatsa ba, sai ga shi yana hawa mota da ita tsirara a jikin cinyarsa. An gudu ba a tsira ba.

Na yi faɗa, na yi faɗa sosai. In da birki aka taka fa? In da ka zauna ba daidai ba fa? Me ya sa ba ka faɗa ba?

"Ke kika zaɓo ta," ya ce a hankali. "Na ga yadda kika yi murna."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Haushinsa nake ji, da nawa, da na mai shagon, har da wanda ya ƙirƙiro ƙusar.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na kai Gagarabadau wurin mai washi, tsohon da ke gyara min almakashi. Na ce ya sassauta sifirin ɗin. Ya danna, ya saki, ya kai kunne ya saurara kamar likita. Ya ce zai iya, aikin ɗan lokaci ne. "Amma Hajiya, taurin nan shi ne amanar. In ta yi laushin da hannun mai amosani zai danna, to damƙarsa ma za ta danna ta yana tsakiyar yanka. Kada garin neman gira a rasa ido."

Ke nan ƙarfin sakata da wuyar buɗe ta uwa ɗaya uba ɗaya. Mai sauƙin rufewa tana iya rufewa a kansa, wadda ba ta rufewa a kansa ba ya iya rufe ta. Duk hanyar dawowa ina juya wannan a raina. Abin haushi, har yanzu burge ni yake yi.

Na ɗinka mata kube da yadin tamfol ninki uku. Ya yaba ɗinkin, sannan ya tuna min dokar ɗan kwangila. A rufe, ba a kube ba. Kuma a zaure irin wannan, yanka kaɗan ne sai ka ajiye ka ja kafet da hannu biyu.

Asabar, 31 ga Mayu

Na gwada dabaru. Na sa masa ƙarfen yatsan ɗinki, ya ƙi wuce kumburin. Na manna maɓallin kwat a wurin dannawa, ya ɓalle. Da ƙotar cokali ya iya dannawa, amma hannu ɗaya na riƙe da wuƙa, ɗaya na riƙe da cokali, wa zai naɗe ruwan? Hannu uku take so.

Alƙaliya ta zo da yamma ta tarar da mu da cokali. Na shirya jin hukunci. Sai ta bi ni kicin ta tsaya tana wanke kofin da yake a wanke. "Umma, ni ba iko nake so in nuna ba. Tsoro nake ji. Duk sanda wayata ta yi ƙara da rana sai in ce shi ne." Ta share ido da bayan hannu. Na ce ni ma. Ta ce to me ya sa kike taya shi? Na ce ke ba ki ga yadda yake kallon mahaɗar kafet ɗin falo ba.

Jibi ne aikin. Bai ce zai fasa ba, bai ce yana da dabara ba. Ya goge takalmi dai.

Litinin, 2 ga Yuni

Na bi shi. Na ce ina so in ga yadda sakatar ke yi a cikin gam na gaske, ba na kicin ba. Bai musa ba. Na rufe wuƙar tun a gida, mai gadi ya duba ya miƙo masa.

Zauren ƙato ne, babu komai ciki sai warin fenti da naɗin kafet jingine da bango. Mai wutar lantarki a kan tsani, masu fenti biyu a lungu. Na samu bokitin fenti da babu komai na kife na zauna a bakin ƙofa, na yi wa kaina alkawari ba zan ce uffan ba.

Abin kunya, duk zamanmu ban taɓa ganinsa yana aiki ba. Wandon da gwiwarsa ta cinye kawai na sani. Ashe shi ma tela ne. Ya shafa kafet da tafin hannu ya ga inda gashin ya kwanta, kamar yadda nake yi wa karan-miski, don kada a haɗa biyu ɗaya ya fi ɗaya duhu. Ya bar rara a bakin bango, irin wadda nake bari a kalmasa. Na so in tambaye shi abu goma, na danne.

Ya buɗe wuƙar. Ƙas ɗin ya amsa a zauren har mai wuta ya waiwayo. Ya kafa gwiwa ya ja daga kafaɗa, kafet ɗin ya rabu kamar ana buɗe zif. A tsakiya ta maƙale, ya ɗaga, ya murɗa. Na runtse ido. Da na buɗe, yana ci gaba da tafiya, yatsunsa lafiya.

Ya kai bango. Yanzu sai ya ajiye ta ya ja kafet da hannu biyu. Ɗan kwangila yana tsaye a kansa, kuma yau ne na fara ganin wayoyinsa duka a aljihu.

Maigida ya sa babban yatsa. Ya danna. Ya sauya hannu. Masu fenti suka daina magana, zauren ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Na ga hannunsa ya fara gangarawa wajen aljihu da ita a buɗe, na ga idon ɗan kwangila ya bi hannun. Na ciji leɓe. In na tashi da kaina na karɓe, na tsirar da cinyarsa na kashe shi a gaban mutane. Na riƙe bakin bokitin da nake zaune a kai.

Hannun ya tsaya. Ya daɗe a haka, a durƙushe, kansa a ƙasa. Sannan ya juya ta, ya kama ta ta bayan ruwan, ya miƙo ƙotar wajena.

"Tela, zo ki rufe min."

A gaban mutane. Da sunan ma. Mutumin da in ƙaya ta soke shi gara ya yi ɗingishi har gida.

Na cire takalmi na taka kafet ɗin, na durƙusa kusa da shi, na danna, na naɗe. Na sa masa a tafin hannu. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, don na san abin da zai faru da idona.

Ɗan kwangila ya sosa ƙeya. "Mama, ai kafin a gama zauren nan sai an rufe ta ba adadi." Na ce ina da wurin zuwa ne? Ya dubi layin da aka yanka, ya bi shi da ido har bango. Wayarsa ta fara ƙara. "Ni dai a rufe nake son ganinta," ya ce, ya fita yana amsawa.

Haka muka yini. Ya yanka, ya miƙo, in rufe. Zuwa azahar ba sai ya yi magana ba, daga yadda kafaɗarsa ta sauka nake sanin ya kai ƙarshe. A tsakani na share tsagar da fil ɗin ɗankwalina, na riƙe masa bakin awo, na gano wani wuri da gashin ya kwanta a juye kafin ya sa gam. Ya ce, "Ke fa da ido."

Talata, 3 ga Yuni

Gwiwoyina! Jiki magayi.

Na faɗa wa Alƙaliya yadda aka yi. Ta ce, "To ke kuma wa zai sa miki ido?" Amma ba da muryar kotu ta faɗa ba.

Litinin, 9 ga Yuni

An gama zauren ranar Asabar. Ko ni da na san inda mahaɗar take sai da na lalube ta da ƙafa. Ɗan kwangila ya ce akwai ofisoshi a wani bene, daga gobe.

Na mayar wa mazan unguwa wuƙaƙensu. Na gaya wa masu kawo ɗinki su riƙa zuwa da yamma, safiya ta yi min wuya kwanan nan. Ba wai na koma aikin kafet ba ne. So nake in ga ko haƙorin wannan ma zai cinye, kuma abu ne da sai an daɗe ana kallo kafin a sani.

Da rana na haɗa 'yan matasai na ɗaurawa a gwiwa guda biyu da soso da ragowar yadin labule, na sa musu roba ta baya. Ƙanana ne, ba za su shige shi ba. Ya gan su a kan keke, ya ɗaga, ya juya, ya ce ɗinkin ya yi. Na ce na wata mai kawo ɗinki ne.

Ya ce to a gaya mata ta kwanta da wuri, gobe sammako ne.